Darasi: Abin Da Mumini Yake Yi Bayan Musiba

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku samari, a cikinku akwai wanda ya gama makaranta ya rasa aiki, akwai wanda jarinsa ya karye, akwai wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne bakwai. Duk wannan ba kai ka zaɓa ba, ƙaddara ce, kuma ba za a tambaye ka dalilin saukarta ba. Abin da za a tambaye ka shi ne wanda ka aikata bayan ta sauka.

To, bari mu duba Manzon Allah (S.A.W.). A shekara ta 10 da aiko shi, baffansa Abu Ɗalib, mai tare masa Ƙuraishawa, ya rasu. Ba a jima ba Nana Khadija ta rasu. Malaman tarihi suna kiran wannan shekara Shekarar Baƙin Ciki. Bai zauna a ɗaki ba. Ya taka da ƙafa zuwa Ɗa'ifa, shi da Zaidu ɗan Harisa, don ya kira ƙabilar Saƙifa zuwa ga Musulunci. Manyansu suka yi masa ba'a, suka sa yara da wawaye suka yi ta jifansa har ƙafafunsa suka yi jini.

Ku lura da abu uku da ya yi.

1. Ya kai kukansa ga Allah. Da ya fake a wata gonar inabi, addu'a ya yi, ya faɗa wa Ubangijinsa rauninsa. Ashe jin zafi ba laifi ba ne, hawaye ma ba laifi ba ne. Laifi shi ne ka yi fushi da hukuncin Allah, ko ka ɗauki kukanka ka kai wa boka da mai duba, ko ka nemi mantuwa a cikin wiwi da ƙwaya. Gobe ka farka, bashin yana nan, ga zunubi ya ƙaru.

2. Ya ƙi ramuwa alhali ta zo hannunsa. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Mala'ikan duwatsu ya nemi izininsa ya haɗe duwatsu biyu a kan mutanen da suka ƙi shi, sai ya ƙi, yana fatan a sami masu tauhidi a cikin 'ya'yansu. Kai kuwa, an hana ka yarinya, ka rantse sai ka ga bayan gidansu!

3. Ya yi riƙo da sababi. Kafin ya shiga Makka sai da ya aika aka nemo wanda zai ba shi kariya, Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya amsa, alhali mushriki ne. Sa'an nan ya ci gaba da bin ƙabilu a lokacin aikin hajji, har ya haɗu da mutum shida daga Yasriba, wato Madina. Daga nan ƙofar hijira ta buɗe. Saboda haka wanda ya kwanta a gindin bishiya yana cewa wai ya yi tawakkali, wannan lalaci ne ya sa masa rawani. Aikin ofis ya ƙi? Ga kasuwa, ga gona, ga koyon sana'a.

Su kuwa Saƙifa, a shekara ta 9 bayan hijira da ƙafarsu suka zo Madina suka musulunta. Ka ƙirga: fiye da shekara goma tsakanin jifa da mubaya'a. Kai wata nawa ka yi kana jira har ka yanke ƙauna?

Ɗan'uwa, yau da dare ka ware abin da ya fi ƙarfinka ka bar wa Allah, wanda yake hannunka kuma ka tashi kansa da asuba.

Allah Ya ba mu haƙuri mai kyau, Ya yaye mana ƙuncin da muke ciki. Amin.