Kafin Ka Ɗaura Wa A-kori-kura Tirela: Shawarwari Goma Ga Magidantan Danja

Kaka ta yi, masara da dawa da waken suya suna jibge a gona. Rani ya shigo, tumatir da rake su karɓi fage. Duk mai a-kori-kura ko Hilux a Danja ya san bodin motar ba ya isar sa a waɗannan watanni, shi ya sa tunanin ɗaura mata tirela a baya yake zuwa. Tunani ne mai kyau in an bi shi a sannu, don haka ga abin da za ka duba kafin kuɗi ya bar aljihunka.

1. Fara ƙirga buhunanka. Yawancin irin waɗannan motoci kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, wato buhu 10 na masara mai kilo 100, kuma nauyinka da na yaran mota yana ciki. In sawu uku ko huɗu daga Dabai ko Kahutu zai kwashe maka amfanin gona, hayar kanta ko keke mai bodi a ranar ta fi maka sauƙi. Tirela ta mai jigila ce, wanda motarsa ba ta hutawa daga kaka har ƙarshen noman rani.

2. San irin mahaɗin da ake da su. Akwai mai dunƙulen ƙarfe a bayan mota, faɗinsa milimita 50, wanda bakin tirela ke hawa ya kulle. Akwai mai rami da sandar ƙarfe, irin wanda ka saba gani a bayan tarakta, shi ne mafi araha kuma mai jure gargada, sai dai yana da ƙara da fizga. Na uku faifan ƙarfe ne da ake kafawa cikin bodi, daidai saman aksil ɗin baya, ƙanen wanda ke bayan kan manyan tirelolin da ke ratsa Funtuwa.

3. Kada faifan cikin bodi ya ɗauke maka hankali. A Amurka ya fi yawa, inda ake kafa shi a manyan motoci irin Ford F-250 da Ram 2500, kuma gaskiya yana da natsuwa a kan titi. Amma kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirelar yana sauka ne a bayan motarka: tirela mai tan 3 za ta danne sifirin da kusan kilo 600 tun ba ka sa buhu ko ɗaya a bodi ba, bodin ma faifan ya cinye shi. Kuɗinsa a can ɗaruruwan daloli ne, wani ya haura dala 1,000, ban da jirgi da kwastan da ƙera tirelar da za ta dace da shi. In motarka mai ƙofa huɗu ce, bodinta gajere ne, goshin tirelar na iya dukan gidan direba a kwana mai tsanani. Ni dai ban ga abin da zai kai manomin Danja can ba.

4. Riƙe lamba 750. Tirelar da ba ta da birkin kanta, masu ƙera motoci sun tsayar da ita a kilo 750, har da nauyin ƙarfenta. In mai walda ya yi maka mai kilo 300, buhu huɗu da ɗan ɗoriya ya rage maka. Mai birki kuwa, wasu sababbin Hilux na jan har kilo 3,500, tsofaffi ƙasa da haka sosai, sai ka duba littafin motarka ko ka tambayi bakaniken da ya san shekararta.

5. Sa kuɗinka a birki. Jan kaya ba wuya, tsayar da shi ne aiki, musamman in akuya ko ɗan makaranta ya faɗo hanya a bakin kasuwa. Nemi aksil mai birki da bakin haɗi mai matse birkin da kansa duk lokacin da tirelar ta tunkuɗo motar. Ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna don na gwanjo, kuma ka tafi da bakanikenka, idonsa ya fi naka a wannan fage.

6. A ɗaure a shasi, kada a taɓa bamba. Bamba ba a yi ta don jan kaya ba, a kwalbatin farko za ta iya biyo tirelar ta bar ka. A yi sandar ƙarfe mai kauri, a ɗaure ta a ramukan da kamfani ya riga ya huda a shasi, da kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu. Ka sunkuya ka karanta lambar da idonka. Kada ka yarda a kunna wutar walda a jikin shasin kansa, zafi na raunana ƙarfen, tsagewa kan fara daga gefen ɗinkin.

7. A raba maka farashi gida-gida. Ka ce wa mai walda ya rubuta kuɗin ƙarfe daban, aksil da sifirin daban, tayu, wayar wuta, fenti, sannan ladan hannu. Da wannan takarda za ka ji bakin wani a Funtuwa ko Zariya, ka ga inda aka ƙara maka. Tayun tirelar su zama girma ɗaya da na motarka, sifiya guda ta wadatar da ku.

8. Sarƙa biyu da fitila. A saƙala sarƙoƙin su gitta juna a ƙarƙashin bakin tirelar, in mahaɗi ya kuɓuce su tallafe shi kada ya caki kwalta. Fitilar birki da sigina da tef mai ƙyalli ba su da tsada, kuma masu tumatir da asuba suke fita. Jami'an kiyaye haɗurra da na VIO ma can idonsu ke fara zuwa.

9. Lodi ya rinjaya gaba kaɗan. Kusan kashi 60 na kayan ya zauna gaban aksil, yadda kimanin kashi 10 na nauyin zai danna mahaɗi. In baya ya fi nauyi, tirelar za ta fara rangaji a kan hanyar Bakori, kuma in ta fara, ka ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari daram, kada ka taka birki da ƙarfi. Raken da ya zarce bodi a ɗaura masa jan ƙyalle. Mutum kuwa, ko ɗan dako ne ko yaronka, ba ya hawa tirela.

10. Bayan sawun farko, koma da sifana. Kusoshi sukan saki in suka sha hanyar burji, ka sake matse su duka, har da na tayu. Shafa giris a mahaɗi, ka riƙa duba ruwan lagireto kowace safiya. A hawa ka sauko giya da wuri, don kuɗin kulochi ɗaya zai iya cinye ribar jigilar mako guda.