Yadda Ake Kai Sa Wurin Yanka Ba Tare da Azabtarwa Ba

Sa da ya sha doguwar tafiya a tirela daga karar Potiskum ko Maigatari yakan iso kwata a galabaice, ga ƙishirwa ga tsoro. Tun daga bakin motar aikin yake farawa. A tanadi gangare mai kaushi daidai ƙofar tirelar, ya sauko da ƙafarsa. In aka turo shi ya faɗo, sai karaya da taruwar jini a nama. A kai shi inuwa, a ba shi ruwa, ya huta awa 12 zuwa 24, likitan dabbobi ya duba shi. Hutun nan riba ne ga mahauci, domin wahala tana ƙone sukarin da ke cikin tsoka, naman ya fito baƙi, ya yi saurin lalacewa a kan tebur.

Wajen kora aka fi zalunci, alhali nan ne gyara ya fi sauƙi. Sa yana ganin kusan ko'ina a kewayensa, ban da daidai bayansa, shi ya sa wanda ya ɓullo ta nan da ihu yake shan harbi. Ka tsaya a gefe inda yake ganinka. In kana so ya yi gaba, koma bayan kafaɗarsa. In ka sha gaban kafaɗar, baya zai ja. A kan wannan fahimta Temple Grandin, masaniyar dabbobi a Amurka, ta tsara hanyoyin shanu masu lanƙwasa da rufaffen bango, kuma duk makiyayi ya san haka tun yana yaro. Idan sa ya turje, kafin ka ɗaga sanda duba abin da yake kallo: leda ce ke kaɗawa, ko ƙyallin ruwa a ƙasa, ko duhun ƙofa. Kawar da abin, zai wuce.

Murɗe wutsiya, zuba barkono a ido, sare agara don ya durƙushe, ya kamata duk sarkin pawa ya hana su a kwatarsa.

Kada a kayar da shi sai mai yanka ya shirya. A wasa wuƙa inda ba ya gani, tsayinta ya ninka faɗin wuya, bakinta babu tsagu, kuma kada a yanka wani a gabansa.

Sai batun sumarwa, wanda malamai suka yi saɓani a kansa. A 1997, a Jidda, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta ce asali shi ne yanka ba sumarwa, amma ta halatta naman dabbar da aka sumar matuƙar tana da rai lokacin yanka. Ta hana bindigar da ke huda ƙwaƙwalwa da gatari da guduma. Ga lantarki kuwa ta sa sharaɗi: a ɗora na'urar a kai, amfiya 2 zuwa 2.5 ga shanu, daƙiƙa 3 zuwa 6. Da lantarkin kai ake sumar da dabbobin halal a Niyu Zilan. Alamar ta kama ita ce sa ya zube nan take, numfashi ya tsaya, ba ya yunƙurin ɗago kai. A yanka cikin 'yan daƙiƙu, domin zai farfaɗo. A ganina, kwatar da wutarta ba ta tsayawa gara ta haƙura da na'urar. Rabin sumarwa ya fi rashinta azaba.

A fuskantar da shi alƙibla, a yi bisimilla, a ja wuƙa ba ɗagawa, a tsinke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, zakaran wuya ya zauna ɓangaren kai. Shanu sukan daɗe kafin hankalinsu ya gushe, saboda wasu jijiyoyi a ƙashin wuya suna ci gaba da kai jini ƙwaƙwalwa. Don haka a dakata. A taɓa ƙwayar ido. In bai ƙifta ba, numfashi kuma ya yanke, sannan a kwance igiya a fara fiɗa.