Darasi Daga Tsofaffin Fina-finan Horon Soja



Duk wanda yake da yaya ko kawu a gida ya sha jin labarin zamanin kaset, lokacin da ake tayar da janareto a gidan kallo, yara su zauna a tabarma, manya a benci. Har yau idan suka tuna fina-finan horon soja sai su ce, "Kai, an yi fim a da!" Wannan makon mun bincika abin da suke kewa, da abin da za mu koya.

Me fina-finan suke nunawa?

Kusan duk labarinsu ɗaya ne. Saurayi ya shiga bariki, a aske masa kai, a ba shi kaki, sai ya haɗu da mai horo mai tsawa. A fim ɗin Indiya mai suna Prahaar na 1991, Nana Patekar ne manjo mai tsanani da ke horar da matasa. A Lakshya na 2004, Hrithik Roshan ya fito a malalacin yaro wanda ya gudu daga makarantar soja ta Dehradun saboda wahala, daga baya kunya ta sa ya koma ya kammala. A Amurka kuwa akwai Full Metal Jacket na 1987, wanda mai fitowa a sajen cikinsa, R. Lee Ermey, ya taɓa horar da kurata da gaske.

Horon gaske yana kusa da mu

Mu 'yan Ƙaraye da Rogo ba sai mun je Indiya ba. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana nan Kusalla, a Ƙaraye. An kafa shirin a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon. Mako uku suke yi, su tashi da asuba da busar begila, sojoji na koya musu fareti. Rogo kuma tana iyaka da Jihar Kaduna, inda Depot ta Zariya take horar da kuratan soja tun 1924. A can horon yakan kai wata shida. Abin da fim yake gamawa cikin minti goma da kiɗa, kurtu watanni yake yi yana gumi.

Inda muke kuskure

A makarantu da yawa, wasu siniyoyi sun kwaikwayi tsawar saje kawai. Ɗan aji ɗaya ya makara, sai a sa shi tsallen kwaɗo a rana har ƙafarsa ta riƙa rawa. Mun san yaron da ya daina zuwa makaranta kwana uku saboda tsoron gwale-gwale. Wannan ba horo ba ne, mugunta ce. Kurtu babba ne, da ƙafarsa ya je, kuma sai likita ya duba lafiyarsa. Mai horonsa ma an horar da shi, kuma yakan riga kuratan tashi.

Darussa uku

1. Kiyaye lokaci: mu iso kafin a kaɗa ƙararrawa.
2. Haɗin kai: a fareti, ƙafar mutum ɗaya tana ɓata layi duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
3. Juriya: wanda ya faɗi jarrabawa ya dawo ya sake gwadawa, kamar yaron Lakshya.

Tambayar mako

Idan aka ba ka shugabancin ɗalibai gobe, yaya za ka gyara mai makara ba tare da ka sa shi kuka ba? A rubuto amsa a ba sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa uku mafi kyau a wannan allo.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.