Kafin Ku Danna "Koyaushe": Nasiha Kan Manhajar Buɗe Takardu

 Maganar da zan yi muku ƙarama ce a ido, amma ta shafi takardun da al'amuranku suka rataya a kansu. Silif ɗin JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, takardar kiran bautar ƙasa, silif ɗin NIN, takardar ɗaukar aiki, handaut ɗin da malami ya tura ta WhatsApp, littafin fiƙihu ko na nahawu da wani bawan Allah ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya yaɗa: kusan dukkansu a siffar PDF suke zuwa hannunku. Kowanne kuwa sai wata manhaja ta buɗe shi kafin idonku ya gan shi. To, wa ya zaɓi wannan manhajar? Ku ne da hankalinku, ko ita ce ta samu gindin zama ranar da kuke cikin sauri?

Ku fara sanin abin da kuke riƙe da shi. Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da PDF a 1993, bisa wani tunani da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, John Warnock, ya rubuta a 1991. Manufarsa ita ce takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, yadda mai ita ya tsara ta, layi bai goce ba, shafi bai ƙaru ba. Fayil ɗin yakan tafi da samfurin haruffansa a cikinsa, shi ya sa ɓ da ɗ da ƙ namu, ko rubutun Larabci da ajami, ke fitowa daidai a PDF ko da na'urar mai karatu ba ta da irin waɗannan haruffan. A 2008 hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta karɓi tsarin ya zama buɗaɗɗe ga kowa. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne ba kamfani ɗaya ke riƙe da mabuɗin ba. Duk wanda ya ce muku sai da manhajarsa kaɗai za ku iya karanta takardarku, bai faɗi gaskiya ba.

Shawarata ta farko mai sauƙi ce: kafin ku sauke komai, ku duba abin da ke hannunku. Kwamfutar da ke da Windows 10 ko 11 ta zo da burauzar Edge, kuma ita ce ke buɗe PDF tun daga ranar farko. Chrome na yin haka tun 2010, Firefox tun 2013. Masu Mac suna da Preview, wadda ke karantawa, ta haɗa shafuka, ta sa hannu. Wayar iPhone na buɗewa da kanta. Yawancin wayoyin Android kuma suna zuwa da Google Drive, wadda ke da mai karanta PDF a cikinta. Ga ɗalibin da buƙatarsa ita ce ya karanta, ya nemi kalma, ya ja layi a ƙarƙashin jimla, ya buga a firinta, waɗannan sun wadatar. Ba sa cin ƙarin wuri, ba sa nuna talla, kuma duk lokacin da burauzar ta sabunta kanta, mai karatun ma ya sabunta.

Akwai lokacin da buƙata kan wuce nan, kuma a nan ne zaɓi ke da ma'ana. Wanda kwamfutarsa ta gwanjo ce, ta tsufa, tana nishi kafin ta buɗe shafi, ina ba shi shawarar SumatraPDF. Wani masanin kwamfuta mai suna Krzysztof Kowalczyk ya fara ta a 2006. Kyauta ce, ƙarama ce ƙwarai, tana buɗewa nan take, tana tuna shafin da ka tsaya, kuma ban da PDF tana karanta littattafan EPUB da DjVu. Akwai ma nau'inta da ake ɗauka a filash a yi aiki da shi ba tare da an girka shi ba. A ganina, ga mai yawan karatun manyan littattafai a Windows, da wuya a samu wadda ta fi ta. Wanda kuma aikinsa ya haɗa da cike fom na hukuma ko tantance sa hannun lantarki, Adobe Acrobat Reader ta fi dacewa da shi, domin akwai fom ɗin da ba ya aiki sosai sai a cikinta. Sai dai tana da nauyi, kuma za ta riƙa tallata muku babbar yayarta ta kuɗi. Karatu kyauta ne, gyaran rubutu ne ake biya. Manhajar Foxit kuma na tsakanin SumatraPDF da Adobe Acrobat Reader. Masu Linux suna da Okular da Evince. A waya da yawanku na amfani da WPS Office saboda tana buɗe PDF da takardun Word da Excel a wuri guda, amma nau'inta na kyauta na zuwa da talla, ku san da haka.

Inda nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau shi ne wajen waya. Idan kuka shiga Play Store kuka rubuta PDF, manhajoji ne za su jeru ba iyaka, sunayensu kusan ɗaya, tambarinsu ja da fari kusan ɗaya. Da yawa cikinsu ba abin da suke yi sai cika fuska da talla da shanye data. Wasu kuma sun fi haka muni. A 2023 da 2024 kamfanonin binciken tsaron intanet, irin su ThreatFabric da Zscaler, sun bayyana yadda aka riƙa shigar da wata muguwar manhajar satar bayanan banki mai suna Anatsa ta cikin manhajojin da suka yi shigar masu karanta PDF, a cikin Play Store ɗin kanta, kuma dubban mutane suka sauke su kafin a cire. Dabarar ita ce manhajar ta shigo da tsabta, tana buɗe takarda yadda ya kamata, sai bayan an saki jiki da ita ta ce tana buƙatar ƙari ko sabuntawa, a nan ne ɓarawon ke shigowa.

Ku auna kowace manhaja da izinin da take nema. Mai karanta takarda tana buƙatar ganin fayilolinku, wannan hakkinta ne. Amma me ya haɗa ta da saƙonninku na tes? Me take nema a jerin lambobin mutanenku? Don me za ta nemi izinin nan da aka tanada don taimakon masu larurar gani, wanda ke ba manhaja damar karanta duk abin da ke fuskar waya har ta danna da kanta? Lambar sirrin da banki ke turo muku ta tes take zuwa. Wanda ka kira ya karanta maka wasiƙa a zaure, idan ya ce sai ka ba shi mabuɗin ɗaki, ai ka san ba karatu ya kawo shi ba. Ku duba sunan kamfanin da ya yi manhajar, ku sauke ta daga shafinsa na asali ko kantin manhajoji na hukuma, kuma ku guji wadda aka fasa aka ce ta kuɗi ce ta koma kyauta. Ban da cin haƙƙin masu ita, ba ku san abin da wanda ya fasa ta ya cusa a ciki ba.

Sabuntawa ma ba ƙawa ba ce. PDF na iya ɗauke da umarnin da ke aiki a ɓoye, kuma a wajajen 2009 da 2010 miyagu sun yi ta kai hari ta wannan ƙofa, har Adobe ta fito da Reader X a 2010 da wani shinge da ke killace takarda daga sauran kwamfuta. Tsohuwar manhajar da aka kwafo daga shagon gyara shekaru goma da suka wuce ba ta da gyare-gyaren da aka yi bayanta. Haka nan shafukan intanet da ke haɗa takardu ko rage musu nauyi kyauta: suna da amfani, amma ku tuna loda takardarku kuke yi zuwa kwamfutar wani. Handaut ba komai. Silif ɗin NIN da takardar banki kuwa, ku yi tunani sau biyu.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Ta yaya na'ura ke sanin manhajar da za ta kira? A Windows, wutsiyar sunan fayil take dubawa, wato haruffan da ke bayan ɗigo na ƙarshe: .pdf, .docx, .jpg, .mp3. Tana da jeri a cikinta da ke cewa wannan wutsiya ta wannan manhaja ce. Duk sabuwar manhajar da kuka girka tana son a rubuta sunanta a wannan jeri, shi ya sa take tambaya, wani lokaci cikin ƙaramin akwati da aka riga aka yi masa alama. Sau da yawa yaro kan zo hankali a tashe, wai duk takardunsa sun rikiɗe sun koma Chrome. Ba abin da ya samu takardun. Tambarin manhajar da ke buɗe su ne ya canza, abin da ke ciki yana nan yadda yake.

Gyaran ba ya kai minti biyu. A Windows, ku ɗora linzami a kan fayil ɗin ku danna maɓallin dama, ku zaɓi inda aka rubuta Open with, ku nemi zaɓen wata manhaja, ku nuna wadda kuke so, sannan ku tabbatar da cewa koyaushe ita za a kira. In kuna son ganin jerin gaba ɗaya, ku shiga saitin kwamfuta, sashen manhajoji, wurin da aka rubuta Default apps. A Windows 11 akwai akwati a sama, ku rubuta .pdf, za ta nuna muku mai riƙe da shi yanzu. A Windows 10 kuma akwai dogon jeri na kowane nau'in fayil da manhajarsa a gefe. A Mac, ku buɗe bayanan fayil ɗin ta Get Info, ku canza manhajar, ku danna Change All don ya shafi duk irinsa.

A Android tambayar kan zo ne lokacin da kuka taɓa fayil: a buɗe sau ɗaya kawai, ko koyaushe? Nan ne yawancinku ke faɗawa, domin yatsa ya riga ido. In ba ku gama yarda da manhaja ba, ku zaɓi sau ɗaya. Ƙarin dannawa ɗaya ba asara ba ce. In kuma an riga an danna koyaushe, ku shiga saiti, ku buɗe jerin manhajoji, ku nemo wadda ta kama wurin, ku shiga inda ake nuna abubuwan da take buɗewa da kanta, ku share zaɓin. Tambayar za ta dawo. Sunayen wuraren kan ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Samsung, amma hanyar ɗaya ce.

Akwai abu guda da nake roƙon kowane mai kwamfuta ya yi: ya sa Windows ta daina ɓoye wutsiyar suna. Haka take zuwa, a ɓoye, kuma an daɗe ana cutar mutane da wannan. A watan Mayu na 2000 wani mugun saƙo da aka sani da ILOVEYOU ya taso daga Filifin ya mamaye miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Fayil ɗin da ke maƙale da shi wutsiya biyu gare shi, .TXT sannan .vbs. Windows ta ɓoye ta ƙarshen, mutane suka ɗauka wasiƙa ce suka buɗe. Har yau ana wannan dabara: a turo muku abin da aka sa wa suna rasit.pdf.exe, ko a waya a turo fayil mai ƙarewa da .apk a ce katin gayyatar biki ne ko jerin sunayen waɗanda suka samu tallafi. Takarda ba ta neman a girka ta. Duk abin da kuka taɓa don karantawa ya ce zai girku a wayarku, ku fasa. A Windows kuwa, ku buɗe kowace folda, ku shiga View, ku sa alama a wurin nuna wutsiyar sunayen fayil. Sau ɗaya ake yi.

Ku kuma sani canza wutsiya ba ya canza fayil. In ka goge .docx ka rubuta .pdf, ba ka samu PDF ba, ka dai rikita kwamfutar ne. Hanyar da ta dace ita ce adana takardar a matsayin PDF daga cikin Word ko WPS, ko bugawa ta Microsoft Print to PDF. Haka idan kun nemi kalma a cikin littafi manhajar ta ce babu, kada ku yi saurin ɗora mata laifi ku tafi neman wata. Littattafai da yawa da ke yawo a tsakaninmu hotunan shafuka ne kawai, babu rubutun da na'ura za ta bincika a ciki.

Abin da ya rage na ladabi ne. Kwamfutar ofis, ta makaranta, ta shagon buga takardu, ba taku ba ce ku kaɗai. Kada ku sauya mata manhajar buɗe takardu don jin daɗinku ba tare da izinin mai ita ba, kuma in kun sauke takardarku a can kun buga, ku goge ta daga foldar saukewa da kwandon shara kafin ku tashi, domin na bayanku na iya ganin lambobinku da hotonku.

Iyayenku kuma ku ne idonsu a wannan fanni. Da yawansu an girka musu abubuwa a shagon caji ko wajen mai tura waƙoƙi da karatu, ba su san sunansu ba, kuma a wayar nan kuɗinsu yake. Ku nemi izinin Baba ko Inna, ku zauna kusa da su, ku duba wace manhaja ke buɗe musu takardu da irin izinin da aka ba ta. Ku cire wadda ba ku san mai ita ba, sannan ku nuna musu da yatsansu yadda ake zaɓen sau ɗaya kawai. Allah Ya tsare ku da dukiyarku, Ya sa albarka a karatunku.