Gandun da ke Cikin Teku

Kowa ya san gandun daji. Hukuma ta kan keɓe wani yanki na daji, ta hana farauta da saran itace a cikinsa. To, a waɗansu ƙasashe har teku a ke keɓewa haka nan. Yau za mu karanta labarin irin wannan gandu a ƙasar Barazil, cikin Amurka ta Kudu.

Sunan wurin Fernando de Noronha. Tsibirai ne guda 21 a cikin Tekun Atilantika. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Guda ɗaya kaɗai ke da mutane, su wajen 3,000. Ƙasar zafi ce, ba su san hunturu ba. Daga birnin Recife da ke bakin teku zuwa can kamar mil 340 ne. A shekarar 1988 Gwamnatin Barazil ta mai da yawancin tsibiran da ruwan da ke gefensu gandu.

Baƙo ya kan zo ta jirgin sama. Tilas ya biya haraji na kowace ranar da zai yi a tsibirin, in ya daɗe ƙwarai kuwa kuɗin rana ɗaya sai ya riƙa hawa. Watau ana maraba da shi, amma ba a so ya zaune. Ban da wannan akwai kuɗin shiga gandu dabam.

Me a ke zuwa gani? Na farko wata dabbar ruwa ce, sunanta dolfin. Ta yi kama da kifi, amma ba kifi ba ce. Tana shaƙar iska, tana ba 'ya'yanta nono kamar ayu. Da dare su kan tafi kiwo can cikin zurfin teku. Da asuba sai su shigo wani lungun ruwa su huta, wani lokaci ɗaruruwa. Ka ga ɗaya ta yi tsalle sama, ta juya kamar mazari, ta faɗa ruwa. Ba a yarda kowa ya yi iyo a lungun nan ba, jirgi ma ba ya shiga. Mai son kallo sai ya yi sammako, ya hau kan dutse, ya hango su daga nesa. Dalili a fili ya ke: wanda ya kwana aiki ba ya son a dame shi da safe.

Akwai kuma wani bakin ruwa mai suna Sancho. Duwatsu sun tsare shi. Mai zuwa da ƙafa sai ya sauka ta tsani na ƙarfe a cikin tsagar dutse, mutum ɗaya bayan ɗaya. Kunkurun teku su kan fito da dare su haƙa rami a rairayi su saka ƙwai. A lokacin nan ana rufe wurin da su ke fitowa tun magariba har gari ya waye.

Wani zai ce dokokin sun yi yawa. Amma mutanen wurin sun riga sun ga ɓarna. A zamanin da, tsibirin nan gidan kurkuku ne. Masu tsaro suka sare yawancin itatuwa don kada fursuna ya ɓuya a kurmi, ko ya ɗaure gumagumai ya tsere ta ruwa. Kurmin bai koma yadda ya ke ba har yau. Daga baya ɓeraye suka yi yawa, sai aka kawo wani babban ƙadangare mai kama da damo don ya cinye su. Ashe ɓera da dare ya ke fita, shi kuwa ƙadangaren da rana. Ba su cika gamuwa ba! Sai ya koma cin ƙwan tsuntsaye. A 2019 kuma aka hana shiga da leda da kofunan roba waɗanda a ke yarwa bayan amfani sau ɗaya.

Zaman tsibirin ba sauƙi ga 'yan gari. Ruwan sha ya yi kaɗan, sai an tace gishiri daga ruwan teku. Kusan duk abinci daga nesa a ke kawo shi, saboda haka akwai tsada. Babu ɗakin haihuwa a asibitinsu, mace mai ciki ta kan tafi Recife tun watanta bai kama ba. A 2018 wata mace ta haihu a tsibirin, har labarin ya shiga jaridun duniya, domin an yi shekara 12 ba a haifi jariri a can ba.

Tambayoyi

1. Don me aka hana iyo a inda dolfin ke hutawa?
2. Me ya sa ƙadangaren bai gama da ɓeraye ba?