Jan Wutar Lantarki Daga Gini Zuwa Gini

Idan za a ja wuta mai layi uku daga ofishin hakimi zuwa ɗakin shan magani ko makaranta, ya kamata hakimi da magatakardansa su ƙidaya wayoyin tun ba a biya ma'aikaci ba. Biyar ake bukata: uku masu kai wuta, ta huɗu ta komowa, wadda ma'aikata ke kira nutural, ta biyar kuwa wayar ƙasa.

Biyun nan na ƙarshe kowace da aikinta. Tsakanin layi da layi ƙarfin wuta wajen bolt 400 ne, tsakanin layi da nutural kuwa 230, watau abin da fitila da fanka ke ci. In nutural ta tsinke, rabon ya lalace, wani ɗaki ya sami kusan 400, kayansa su ƙone. Saboda haka ba a sa mata fis.

Wayar ƙasa kuwa ba ta ɗaukar wuta sai ran haɗari. Akan ɗaura ta jikin ƙarfen kowane inji, domin in wuta ta zubo ta bi ta nan, fis ya ƙone, mutum ya tsira. Wuri ɗaya ake gama ta da nutural, can inda wutar ta taso. In aka sake gama su a gini na biyu, sai wuta ta riƙa bin bututun famfo.

Ginin da babu kome cikinsa sai inji mai layi uku, kamar na niƙa, yana iya zama ba nutural. Amma wayar ƙasa tilas ce ko'ina. Kada a dogara ga sandar ƙarfen da aka kafa a ƙasa ita kaɗai, gama da rani busasshiyar ƙasa ba ta shan wuta sosai.