Baƙin Mai: Wanne Ya Dace da Injinka?

'Yan'uwa ɗalibai, kusan kowanenmu in ya koma gida hutu zai tarar da inji, ko babur ne, ko injin ban ruwa, ko janareta. A wajenmu, daga Tungar Daji zuwa Anka, da Bukkuyum, har fadamun Gulbin Zamfara na wajen Gummi, injin ban ruwa shi ne jigon noman rani. To, sau da yawa in za a sayo baƙin mai, mu 'yan makaranta ake miƙa wa galan a ce mu karanta abin da ke rubuce. Wannan darasi domin wannan ranar aka yi shi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, wani rani injin kawuna ya buga a tsakiyar watan Maris, albasa ta fara ƙwai. Mai ne ya sayo na awo a kwalba, don ya fi araha, ya kuma yi wata biyu bai juye ba. Kafin a kai injin gari, a samo fistan da ringi, a ɗaura, kwana tara sun wuce, rabin fangalan sun ƙone. Kuɗin man kirki bai kai kuɗin buhun albasa guda ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce araha ba ta ado.

Inji iri biyu ne

Da farko sai mu san irin injin da ke gabanmu. Akwai mai bugu biyu, kamar ƙaramin janaretan nan na Tiger, wanda ake gauraya masa mai da fetur a tanki, su ƙone tare. Shi yana da nasa man daban. Akwai kuma mai bugu huɗu, wanda wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya ƙera a 1876. A cikinsa fistan yana tafiya huɗu kafin aiki ya zagayo: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi, sa'an nan ya kori hayaƙi ta salansa. Babur irin Bajaj Boxer da yawancin injinan ban ruwa duk masu bugu huɗu ne. Mansu yana zaune a ƙasan inji, yana zagayawa yana dawowa, ba ya ƙonewa tare da fetur.

Aikin wannan mai huɗu ne. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Yana ɗauke zafi daga fistan. Yana wanke toka da garin ƙarfe. Yana kuma toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, don kada ƙarfi ya zurare. In man ya tsinke, ko ya ƙare, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, shi ne za ka ji an ce inji ya buga.

Lambobin da ke jikin galan

Duba galan, za ka ga an rubuta SAE, sai lamba irin 20W-50 ko 10W-30. SAE ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta Amurka, wadda ta tsara ma'aunin kaurin mai. Kowa ya san man gyaɗa ko man shanu: da sanyin asuba ya yi kauri, rana ta take ya tsinke. Haka baƙin mai yake. Harafin W shi ne farkon kalmar Turanci mai nufin hunturu. Lambar da ke gabansa tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi. In ta yi ƙasa, man ya fi saurin gudana. Lamba ta biyu kuwa tana nuna kaurinsa bayan inji ya yi zafi, ana auna ta a digiri 100 na ma'aunin Selsiyos. In ta yi sama, man ya fi riƙe kauri.

Don mu gane wannan sosai, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa. A Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen arewacin Turai, ƙanƙara kan rufe ƙasa watanni, sai su hau wani abin hawa mai kama da babur, wanda ba shi da taya, sai sulke biyu a gaba da bel mai haƙora a baya. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fito da irinsa mai suna Ski-Doo a 1959. Da yawansu a yau masu bugu huɗu ne, kamar namu. Amma mai shi yakan tayar da inji cikin sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi 20W-50 zai daskare kamar kakide, ba zai kai ga sassan inji ba kafin su ci juna. Shi ya sa suke zuba 0W-40 ko makamancinsa. Man 0W ana gwada shi a digiri 35 ƙasa da sifili, 10W a 25, 20W kuwa a 15.

To, mu a Zamfara, ko a tsakiyar hunturu ruwan randa ba ya daskarewa. Matsalarmu zafin Afirilu da Mayu ne, sa'ad da rana kan haura digiri 40, ga kuma ƙura. Saboda haka wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya ga 0W, ya sayi rigar sanyin da ba zai taɓa sawa ba. Lamba ta biyu ita ce ta fi damunmu.

Bayan SAE akwai API, wato ma'aunin ingancin mai. Na injin fetur yana farawa da S: akwai SJ, SL, SM, SN, da SP wanda ya fito a 2020. Duk sa'ad da harafi na biyu ya yi gaba, ma'aunin ya fi sabunta. Wanda ya fara da C kuwa na injin dizal ne.

Na uku shi ne JASO, ma'aunin ƙasar Japan, kuma mai babur ya kamata ya kula da shi. A irin baburanmu kuloci yana wanka ne cikin man inji. Wasu mayukan mota an sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur. In aka zuba su a babur, sai kuloci ya dinga sulɓewa: ka murɗa totur, inji ya yi ƙara, babur ba ya ja. Don haka a nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2. Injin ban ruwa ba shi da irin wannan kuloci, shi bai damu da JASO ba.

Man haɗi da man gargajiya

Yawancin baƙin mai daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Akwai kuma wanda ake kira sintetik, wato man haɗi, wanda ake sarrafa shi a masana'anta har ƙwayoyinsa su zo kusan daidai da juna. Ya yaɗu a kasuwar motoci bayan fitowar Mobil 1 a 1974. Ya fi jure zafi, bai cika yin daƙiƙi ba, ya kuma fi gudana cikin sanyi. Shi ya sa mutanen ƙanƙara suka riƙe shi. Mu ma zai amfane mu a zafin bazara, in da hali.

Amma akwai wani hanzari. Ƙaramin injin ban ruwa ba shi da matacin mai irin na mota. Duk ƙurar da ta shiga, da garin ƙarfen da ya zuba, suna nan cikin man suna zagayawa, suna gugar inji kamar yashi. Man haɗi komai tsadarsa ba ya narkar da ƙura. Saboda haka man gargajiya na ƙwarai da ake juyewa a kan kari ya fi man haɗin da aka bari wata uku don ana jin ciwon kuɗinsa.

Ga misali. Littafin injinan Honda GX, waɗanda aka kwaikwayi ƙirarsu a injinan ban ruwa da yawa, ya ce a zuba 10W-30, ko SAE 30 in ana zafi. Ya ce sabon inji a juye masa mai bayan awa 20, daga nan kuma duk awa 100 ko wata shida. Injin GX160 ba ya cin fiye da kimanin lita 0.6. Mu yi lissafi: in kana ban ruwa awa 5 kullum, kwana 20 ka cika awa 100. Ke nan a rani guda za ka yi juye sau da yawa. Babura kuwa 20W-50 aka fi zuba musu a ƙasar nan, amma kowane inji a bi abin da littafinsa ya faɗa.

Abubuwan kiyayewa

1. A sayi mai a galan ko kwalba mai hatimi, a duba tambarin hukumar SON. A guji na awo, don ba ka san abin da aka gauraya ba.
2. Kowace safiya, kafin a ja igiya, a ajiye inji a wuri mai daidai a duba geji.
3. A juye mai inji na da ɗumi, don dattin ya biyo shi.
4. In mai ya koma fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, a juye nan take.
5. A riƙa wanke matacin iska, musamman lokacin hazo.
6. A rubuta ranar juye a littafi. Wannan aikinmu ne, mu masu biro.

Daga ƙarshe, tsohon mai guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a fadama, kada a shafa wa yaro ko dabba a ƙurji, kada kuma a sa man girki a galan ɗinsa. Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba ma bukatar a faɗa mana illar gubar da ta shiga ƙasa, tun da mun ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, har sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka, ciki har da Tungar Daji. A tara shi a rufe, a ba bakanike.

To, 'yan'uwa, hutu mai zuwa kowa ya ɗauki galan ɗin gidansu ya nemo abu uku: SAE, API da JASO, ya karanta wa Baba ko Kawu, ya yi musu bayani cikin ladabi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya yi wa noman rani albarka, amin.